Fashin baƙi kan takardar da aka manna a ƙofar asibitin unguwarmu

Yau kusan sati biyu kenan ba a zauna a majalisarmu bayan Magariba ba tare da an tayar da maganar takardar nan da aka manna a ƙofar asibitin unguwarmu a nan Gombe ba, a gurup ɗin WhatsApp na unguwa kuwa abin har ya kai ga wasu suna cewa a ƙaurace wa wurin gaba ɗaya. Asibitin kuɗi ne, ƙarami, gadajensa ba su da yawa, kuma mai shi likitan iyali ne. Ni shekara tara ina kai Innarmu wurin saboda hawan jini, a nan matata ta yi awon cikin yaranmu biyu, don haka da na ji hayaniyar ta yi yawa sai na je na tsaya na karanta takardar da idona, na kuma zauna da Dakta bayan ya sallami mutane na tambaye shi abin da ban gane ba.

Abin da ke cikin takardar dai shi ne an ƙara kuɗin ganin likita, an ware ranar Talata don masu hawan jini da ciwon suga kuma sai da alƙawari, an daina rubuta maganin zazzaɓi sai an yi gwaji, an soke katin iyali kowa zai riƙe nasa kuma za a mayar da folda cikin kwamfuta, an fara karɓar masu inshorar lafiya, sannan can ƙasa a layi na ƙarshe, wanda ni a wurina shi ne babban labarin amma kusan ba wanda ya kula da shi, an rubuta cewa likita na biyu ya ajiye aiki don haka daga ƙarfe goma na dare ba likita a wurin sai dai a kira shi a waya.

Kafin a shiga ɗaya bayan ɗaya bari in fara da abin da na ga yana ruɗa mutane, wato shi kansa wannan suna na likitan iyali. Da yawa a cikinmu ɗauka muke ƙaramin likita ne, wanda bai samu ya ƙware a komai ba shi ya sa yake duba kowa da kowa. Ba haka ba ne wallahi. Bayan shekara shida na jami'a da shekarar horo a asibiti da bautar ƙasa, mutum sai ya sake komawa babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ya yi wasu shekaru huɗu ko fiye, yana zagaya ɓangaren yara da na mata da na tiyata da na manya da na ƙwaƙwalwa, ya zauna jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979 ko ta Afirka ta Yamma, sannan a kira shi ƙwararre a wannan fanni. Shi ƙwarewarsa a kan mutum ne gaba ɗayansa da gidan da ya fito. Likitan zuciya zuciyarka zai duba, likitan ido idonka, shi kuwa wannan shi ne wanda ya san mahaifinka suga ce ta yi ajalinsa, ya san matarka ta zubar da jini a haihuwar fari, ya san kai direba ne ba ka shan maganin da ke sa fitsari idan za ka kama hanyar Yola.

Ga misali daga gidanmu. Akwai shekarar da tari ya kama Inna, busasshen tari mai hana barci, wata uku ana fama, an sha maganin tari na kemis kala-kala, an sha zuma da citta, har wata ƴar uwa ta fara kawo maganar ko tarin fuka ne a je a yi hoto. Da muka je Dakta bai ce komai ba sai da ya buɗe folda ya koma baya, ya ce Hajiya, yaushe tarin nan ya fara, ta faɗa masa, ya ce ai a watan ne muka sa ki a lisinopril. Ashe irin wannan maganin hawan jinin yana sa wasu mutane tari, sananne ne a wurin likitoci. Ya canja mata wani, kafin wata ya zagayo tarin ya tafi. Da wani wuri muka je inda ba a san ta ba, da sai an yi hoton ƙirji an yi gwajin majina an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kashe kuɗi kuma tarin yana nan. To wannan sanin shi ne abin da muke biya a asibitin nan, ba bencin da muke zama a kai ba, kuma da wannan ma'aunin na auna duk abin da ke cikin takardar, wanne ne zai ƙara wa likita sanin marar lafiyarsa wanne ne zai rage.

Maganar kuɗi ita ta fi zafi, kuma ban ga laifin wanda ya ji zafin ba don ni ma aljihuna ya ji. Amma a tuna abin da ya faru da ƙasar nan. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan abin da asibiti ke amfani da shi daga waje yake zuwa, ko shi kansa ko kayan haɗa shi, tun daga safar hannu da sirinji da tsinken gwajin suga har magani. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, masu Augmentin da Ventolin, suka sanar za su daina harkarsu kai tsaye a Najeriya, masu asma sun san yadda kuɗin abin shaƙa ya koma bayan nan. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, wanda ba ya rukunin kuma janareta ce ke cin sa. Gwamnatin tarayya ta fitar da umarni a Yunin 2024 na cire haraji a kan kayan haɗa magani, abu ne mai kyau, sai dai irin wannan sauƙin kafin ya gangaro daga tashar jirgin ruwa ta Legas ya iso kantar ƙaramin asibiti a Gombe ana daɗewa. Asibitin namu sola suka saka bara, kuma ba don fanka ba, firjin allurar rigakafi da insulin dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan ya ɗumama allurar ta tashi aiki ko da kwalbar tana nan kyakkyawa, a yi wa yaro a ɗauka an kare shi alhali ba a yi komai ba.

Inda nake ganin sun yi kuskure shi ne yadda suka yi ƙarin, an wayi gari kawai aka ga takarda. Tsohuwar da ta ƙulle kuɗinta daidai a bakin zani ta hau Keke Napep ta zo, a ce mata bai kai ba a gaban mutane, wannan ba daidai ba ne, ko wata ɗaya aka ba mutane da sun shirya. Na faɗa wa Dakta haka, ya kuma karɓa.

Sai inshora, wadda ita ce ya kamata ta zama maganin wancan zafin amma mutane ba su gane yadda take aiki ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, ranar da ciwo ya zo ranar ake neman bashi ko a sayar da akuya. A Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, dokar ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa, jihohi kuma kowacce da hukumarta, mu a nan GoHealth muke da ita, Bauchi suna da BASHCMA. Yadda tsarin yake a matakin farko shi ne kai za ka zaɓi asibiti ɗaya a rubuta sunanka a can, duk wata a tura wa asibitin wani ɗan kuɗi ƙayyadadde a kanka, ka je ko ba ka je ba. Wato idan mutum dubu suka yi rajista, asibitin na karɓar na mutum dubu, da shi zai kula da waɗanda suka yi rashin lafiya a watan. Ka ga a nan ribar asibiti ita ce ka zauna lafiya, saɓanin tsarin biya-a-duba-ka inda sai ka kwanta ake samu da kai. Wannan ya dace da aikin likitan iyali ƙwarai. Matsalarsa kuma a fili take, idan kuɗin da ake turowa ya tsaya wuri ɗaya magani yana hawa, sai ka fara jin ana cewa wannan babu ka je ka saya a waje, daga nan sai mutane su ce inshora yaudara ce. Sannan a sani, a tsarin ma'aikatan tarayya marar lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma abin da ya fi ƙarfin matakin farko kamar tiyata sai an tura ka da takarda an samu amincewa. Kafin mutum ya yi rajista ya zauna a karanta masa abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, kar sai ranar da yaro ke kwance a fara gardama a kanta.

Wani a gurup ya kawo maganar cewa ai akwai kuɗin da gwamnati ke warewa don talakawa, me ya sa asibitin ba ya duba mutane kyauta da shi. Asusun da yake nufi dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta kafa shi, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma akasarinsa ta asibitocin gwamnati na matakin farko yake bi, irin waɗanda ke mazaɓu 114 na jihar nan. Wanda ba shi da hali can ya fi dacewa ya nemi a sa sunansa, ba abin kunya ba ne, haƙƙinsa ne.

Yanzu maganar gwaji kafin magani. Nan ne na rabu da abokan majalisa, don su gani suke wata hanyar tatsar kuɗi ce. Mu dai mun saba, jiki ya yi zafi sai a ce maleriya da taifot, a tafi kemis a haɗo, in an je asibiti ma mu ne muke faɗa wa likita abin da ke damunmu mu ce a sa mana ruwa a yi mana allura, wanda bai sa ruwa ba a ce bai iya aiki ba. Gwajin maleriya na tsinke ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ma'aikatar lafiya ita ce a tabbatar kafin a ba da magani. Gwajin Widal da muke jingina da shi mu ce taifot, likitoci da kansu suna faɗa cewa shi kaɗai ba hujja ba ne, yana iya nuna akwai a jikin wanda lafiyarsa ƙalau. Sakamakon haka mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sau biyar a shekara ba gaira ba dalili, ranar da yake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Kuma mu da muke maƙwabtaka da Bauchi, wadda duk shekara tana sahun gaba tare da Ondo da Edo a zazzaɓin Lassa musamman da rani, bai kamata mu yi wasa da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ba. Lassa da zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon maƙogwaro take farawa kamar kowane zazzaɓi, maganinta yana aiki ne in an fara da wuri, kuma ma'aikatan asibiti da yawa sun rasu ta dalilin marar lafiyar da aka yi ta ɗura wa ruwa ana cewa maleriya ce. Likitan da ya ce sai ya gwada, kansa yake karewa da nas ɗinsa da mu da ke zaune a benci ɗaya da marar lafiyar.

Ranar Talata ta masu hawan jini da suga ni na yi murna da ita. Waɗannan cututtuka ba a warkewa a rufe folda, zama ake da su. Hawan jini daga 140 a kan 90 ake fara lissafa shi, kuma sau da yawa ba ya ciwo, mutum yana yawonsa yana cewa ai na ji sauƙi na daina shan magani, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya, wanda ya taɓa kai ɗan uwa wankin ƙoda ya san gida nawa abin ke rusawa. A da, Inna sai ta yi awa uku a layi tsakanin masu zazzaɓi da yara masu gudawa don a auna ta na minti biyar. Yanzu ana kiran su rukuni-rukuni, Sista ta auna jini da suga da nauyi, ta duba ƙafafun masu suga ko akwai gyambon da ba su ji ba, ta yi musu magana a kan gishiri da magi da maganin ciwon jiki irin diclofenac da tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa alhali yana tayar da jini yana taɓa ƙoda, kafin su shiga wurin likita. Ya ce kuma kafin azumi za a yi zama na musamman da masu suga a daidaita musu lokacin shan magani, a faɗa wa wanda azumin zai cutar da shi gaskiya. Abin da na roƙa shi ne kar alƙawarin ya zama katanga, akwai masu zuwa daga Kwami da Dukku da ƙauyukan Akko, mota ba a hannunsu take ba, wanda ya makara ko ya zo Laraba kar a ce masa ya koma sai wani satin.

Katin iyali kuwa, gaskiya ya daɗe da cancantar a soke shi. Kati ɗaya miji da mata biyu da yara goma, har maƙwabciya ta ara ta je da shi don kar ta biya kuɗin sabo. A haka ake samun an rubuta rukunin jinin wata a shafin wata, ko a rubuta wance allurar kaza ba ta karɓe ta ba a rasa wace wancen. Kowa da nasa ya fi. Damuwata da kwamfutar ɗaya ce, sirri. Unguwa ce kowa ya san kowa, yarinyar da ke shigar da bayanai ƙila ƙanwar abokinka ce, kuma akwai ciwon da mutum ko matarsa bai gama shirin faɗa wa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta haramta fitar da bayanin marar lafiya ba da izininsa ba, an kuma yi dokar kare bayanai a 2023, amma doka a takarda daban, allon kwamfuta da ke kallon layin mutane daban. A juya shi, kowane ma'aikaci a ba shi lambar sirrinsa, kuma a bar tsohuwar folda a ajiye saboda ranar da na'ura za ta ƙi tashi.

To sai layin ƙarshe. Likita na biyu, matashi ne mai haƙuri da yara, ya samu aiki a Saudiyya ya tafi, kuma ba wanda zai zarge shi in ya san albashin nan da na can. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin ƴan shekaru, waɗanda suka rage kuma yawancinsu suna Legas da Abuja da manyan birane. Idan babban asibiti ya rasa likita ɗaya layi ne zai ƙara tsawo, idan asibiti mai likita biyu ya rasa ɗaya rabin asibitin ne ya tafi. Mutum ɗaya ba zai duba mutane daga safe zuwa dare ya kuma kwana a farke kullum ba, in ya gwada ma mu zai cutar, don likitan da bai yi barci ba shi ke kuskuren rubuta magani. Na fahimci wannan. Amma takardar ba ta gaya wa mutane abin da za su yi ba, kuma nan ne haɗarin yake, don mun saba duk abin da ya taso cikin dare can muke nufa. Nas da jami'in lafiyar da ke kwana za su iya da zazzaɓi da ɗaurin ciwo da allurar da aka riga aka rubuta. Amma mace mai ciki da ke zubar da jini ko take jijjiga, mutumin da bakinsa ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi, yaron da ke suma ko numfashi ke gagararsa, waɗannan kar a tsaya a ƙofar ƙaramin asibiti ana jiran a ɗaga waya, a wuce kai tsaye Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa. Saran maciji kuma kowa a jihar nan ya san asibitin saran maciji na Kaltungo, kar a ɓata lokaci ana ɗaure ƙafa ana tsagawa.

Na ce wa Dakta, ranka ya daɗe, wannan jerin ya kamata a rubuta shi da Hausa da manyan baƙaƙe a manna a bakin get inda mai zuwa cikin dare zai gani da fitilar waya, a kuma samu masu Keke Napep biyu ko uku na unguwa da za a iya tasa a kowane lokaci a rubuta lambarsu a ƙasa. Ya ce zai yi, ya kuma ce yana magana da wata likita da za ta riƙa karɓar kwana uku a sati. Na kai maganar wurin mai unguwa, ya amince a yi zama ranar Asabar bayan La'asar a ƙofar gidansa, Dakta zai zo da kansa ya amsa tambayoyi, an ce mata ma su zo za a shimfiɗa musu tabarma a zaure. Mai ƙorafin kuɗi ya zo da ƙorafinsa, ni dai maganar dare zan tayar, da ta waɗanda ke zuwa daga ƙauye ranar da ba Talata ba.